Ka iya aiki, amma wa zai shaide ka da yaren da suke ji?



Ku ɗauki misalin wani mai walda a Maraɗi, irin wanda kowa ya san kamarsa a unguwarsu. Ya yi lakwal har ya samu bak, da aikin biro ya ƙi samuwa sai ya kama sana'a. Shekara takwas ke nan yana garejin maigidansa. Ƙofa, taga, gadon ƙarfe, tankin ruwa, amalanke, babu abin da bai haɗa ba. Ya gyara Faransancinsa da karatun dare, ya ci jarrabawar harshe, ya tura dosiyensa na neman zama a Kanada a matsayin ma'aikaci mai sana'a. A wurin da aka ce a sa lambar wanda zai shaidi aikinsa, ya sa ta maigida.

Wata rana bayan azahar, ana tsaka da yankan ƙarfe, wayar maigida ta yi ƙara. Lambar waje ce. Wata murya ta yi magana da sauri, da Faransancin da bai yi kama da na Yamai ba. Maigida ya ce, "Alo, wa ke magana?" Ya sake maimaitawa. Daga nan ya ce wa yaran gareji, "Ƴan damfarar nan ne," ya katse wayar ya koma bakin aikinsa. A can kuma, wanda ya kira ya rubuta a dosiye cewa ba a iya tabbatar da aikin ba.

Babu wanda ya yi ƙarya a cikin wannan labari. Yaron ya yi aikin, maigidan mutumin kirki ne, jami'in ma aikinsa yake yi. Amma shekara takwas na zufa sun zama abin shakka a cikin ƴan daƙiƙu, saboda mutum biyun da ya kamata su fahimci juna ba su da yaren da ya haɗa su. Ba kowane dosiye ake kiran waya a kansa ba, gaskiya ne. Sai dai suna da ikon kira, kuma ba sa sanar da ranar.

Mu faɗi matsayinmu tun yanzu, kada a juya mana magana. Ba mu ce kowa ya tattara ya bar ƙasa ba. Nijar na bukatar masu waldarta da makanikanta da ma'aikatan jinyarta fiye da yadda Kanada ke bukatarsu. Amma wanda ya yanke shawarar fita neman na kansa, gara ya fita ta ƙofa da takardu a hannu, da ya bi Agadas ya shiga hamada, ko a kwaso shi daga Aljeriya a zube shi kusa da Assamaka da tsakar dare. Kuma takardar da ke shaida aikin mutum ba ta tafiya kaɗai ba ce. Ita ce ake nema ranar da ka je neman aiki a kamfani nan cikin gida, ko bashin banki, ko kwangilar magajin gari.

Me ainihi suke nema?

Mun ɗauki Kanada a matsayin misali domin can hankalin matasanmu da yawa ya karkata, kuma da dalili. Faransanci ɗaya ne daga cikin harsunan gwamnatinta biyu, kuma tun 2023 tsarinta na Entrée express, wanda aka fara a Janairun 2015, yana ware gayyata ta musamman ga masu jin Faransanci. Sharaɗin wannan rukuni shi ne mutum ya kai mataki na 7 a ji da magana da karatu da rubutu, ta jarrabawar TEF Canada ko TCF Canada. Wannan kowa ya sani, a kansa ake ta hira a fada da majalisun shayi. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne shaidar aiki, alhali nan ne dosiye da yawa ke tuntuɓe.

A shirin ƙwararrun ma'aikata na tarayya, ana son aƙalla shekara ɗaya ta aiki ba yankewa a cikin shekara 10 da suka wuce, wato awa 1,560, a lissafin awa 30 a mako. A shirin masu sana'ar hannu kuma shekara biyu ce, awa 3,120, a cikin shekara biyar da suka wuce, tare da wasu sharuɗɗa. A duka biyun dole aikin ya zama wanda aka biya ka. Koyon aiki kyauta ba ya shiga lissafi.

Shaidar kuwa wasiƙa ce daga wanda ya ɗauke ka aiki. Ana son ta a kan takarda mai ɗauke da sunan kamfani da adireshi da lambar waya, da suna da muƙami da sa hannun wanda ke samanka. A ciki a faɗi muƙaminka, ranar da ka fara da ranar da ka daina, awa nawa kake yi a mako, nawa ake biyanka, sannan a zayyana ayyukan da kake yi ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan ayyuka ne jami'in zai ɗora a kan kundin rabe-raben sana'o'i na Kanada, wanda ake kira CNP, inda kowace sana'a ke da lambarta. Ta masu walda, alal misali, 72106 ce. In abin da wasiƙarka ta ce bai yi daidai da bayanin lambar da ka zaɓa ba, sunan muƙaminka ba zai cece ka ba. Kuma daga ranar da aka gayyace ka, kwana 60 kacal gare ka ka haɗa komai.

Yanzu ku kwatanta wannan da abin da muka saba. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi certificat de travail in sun rabu. Amma duk wanda ya taɓa riƙe wannan takarda ya san layi uku ce ko huɗu: wane ya yi aiki a wurinmu daga rana kaza zuwa rana kaza a matsayin kaza. Babu awoyi, babu albashi, babu bayanin ayyuka. Ke nan har wanda ya yi aiki a kamfani mai rajista, takardar da doka ta ba shi ba ta amsa tambayar da ake yi masa. Da Faransanci aka rubuta ta, da Faransanci za a karanta ta, amma duk da haka ba a fahimci juna ba. To ina ga wanda bai taɓa ganin ko wannan ba?

Inda Hausa ke tsayawa

Mafi yawan sana'a a ƙasar nan da baki ake koyon ta, da baki ake biyan ta. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi wurin maigida, a yi addu'a, shi ke nan an ƙulla. Babu kwantiragi. Shekarun farko abin da yaro ke samu kuɗin abinci ne da na sabulu. In ya ƙware, maigida ya riƙa cire masa wani abu a kowane aiki, yau da yawa, gobe kaɗan, jibi babu. Ranar da aka yaye shi, shaidarsa ita ce taron da aka yi da albarkar da aka sa masa. A Damagaram ko Tawa wannan ya isa, domin duk unguwa ta san yaron wane ne. A gaban jami'in da ke zaune nesa da mu da dubban kilomita, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke shiga dosiye.

Ku duba tambayoyin da kansu. "Awa nawa yake yi a mako?" Maigida zai ce daga safe har magariba, ban da Juma'a da ake tashi da wuri. "Mene ne albashinsa a shekara?" Zai ce ya danganta da kasuwa. "Mene ne muƙaminsa?" Zai ce yarona ne. Duk amsoshin nan gaskiya ne, amma in an juya su zuwa Faransanci kalma da kalma sai su zama abin tuhuma. "Yarona" a bakin maigida na iya nufin mutum mai shekara 35 da ke riƙe da gareji in shi ba ya nan. A kunnen baƙo kuwa sai ta zama ɗan cikinsa, ko ɗan koyo da ba a biya. Kalma ɗaya ta isa ta rushe lissafin shekaru.

Haka sunaye. A gareji ana kiran mutum Ɗan Tawa ko Na Allah, a fasfo kuma wani suna ne daban. Ga Mahamadou a takardar haihuwa, Mamane a diflom, Mohamed a wasiƙar aiki. A wurinmu duk mutum ɗaya ne. In aka kira maigida aka ambaci sunan da ke fasfo, yana iya cewa da zuciya ɗaya bai san shi ba.

Akwai kuma waɗanda suka yi aikinsu a waje. Wanda ya yi shekaru yana gini a Libiya ko Aljeriya, in ma ya samu takarda, sau da yawa da Larabci take. Dokar Kanada ita ce duk takardar da ba da Ingilishi ko Faransanci ba sai an haɗa ta da fassara daga mai fassara da aka amince da shi, ko wanda ya yi rantsuwa a gaban hukuma cewa fassarar daidai ce. Kai ba za ka fassara wa kanka ba, ɗan uwanka ma ba a yarda ya yi maka ba. Kuma wannan duk a Kanada ne, inda Faransancinmu ke da amfani. Jamus ta buɗe katinta na neman aiki, Chancenkarte, a watan Yunin 2024, amma Jamusanci ko Ingilishi take nema, tare da digiri ko horon sana'a na aƙalla shekara biyu wanda gwamnatin ƙasarka ta amince da shi. Wanda ya koya a hannun maigida tun daga nan an rufe masa ƙofa.

Masu cin kasuwar wannan rami

Duk inda aka samu mai bukata da abin da bai gane ba, sai ɗan tsakiya ya fito. Kun san su, suna nan a Facebook da TikTok da rukunonin WhatsApp, da hoton jirgi da tutar Kanada. "Kawo kuɗi, mu za mu haɗa maka komai." Abin da suke haɗawa shi ne wasiƙa da sunan kamfanin da babu shi, ko kuma su kwafo bayanin sana'a daga kundin CNP kalma da kalma su liƙa, su buga hatimi. Jami'an nan wasiƙu nawa suke karantawa a shekara? Sun san rubutun kundinsu in sun gan shi. Kuma in aka kira maigidan da aka ce shi ya rubuta shafi biyu na Faransanci mai santsi, aka tarar ko gaisuwa ba ya iya mayarwa, me kuke zaton za a ɗauka?

Ku san hukuncin. Sashe na 40 na dokar shige da fice ta Kanada ya ce wanda aka samu da ba da bayanin ƙarya za a hana shi shiga ƙasar shekara biyar. Cewa "ba ni na rubuta ba, wanda na biya ne" ba ya wanke mutum, domin dosiyen da sunanka yake. Kafin a yanke hukunci akan aiko da wasiƙa a ba ka dama ka kare kanka cikin ƙayyadadden lokaci, ita ma da Faransancin shari'a ko Ingilishi, kuma a lokacin ɗan tsakiyar ya kashe wayarsa. Filin da aka sayar da kuɗin adashen inna sun tafi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin takaicin shi ne, da yawa daga cikin masu sayen wasiƙar bogi sun yi aikin da gaske. Ba ƙwarewa suka rasa ba, hanyar faɗin gaskiyarsu da yaren da ake ji suka rasa, sai suka sayi ƙarya don su rufe gaskiya. Kuma ɓarnar ba a kansu kaɗai take tsayawa ba. A watan Maris na 2025 Kanada ta cire makin da take ba masu tayin aiki a Entrée express, saboda cinikin tayin aiki na bogi da ya yi yawa. Masu gaskiya ma sun rasa makin. Kowace wasiƙar ƙarya da ta fito daga Nijar tana ƙara wa dosiyen ɗan Nijar na gaba nauyin tuhuma.

Wani zai ce, to ai laifin Turawa ne, su suka tsara abin don ya dace da su. Akwai gaskiya a ciki. Tsarin an gina shi ne a kan duniyar da kowane aiki ke da kwantiragi da takardar albashi, kuma bai kamata a ce ƙasar da ke neman masu sana'a daga Afirka ta kira gareji a Maraɗi ba tare da tafinta ba, sannan ta ɗauki rashin fahimta a matsayin shaidar ƙarya. Wannan muna faɗa, za mu ci gaba da faɗa. Amma ba mu ke rubuta dokar Ottawa ba. Kuma kowace ƙasa na da haƙƙin ta tantance wanda zai shigo mata, mu ma muna yi. Abin da ke hannunmu shi ne gyaran gida.

Hausa a takarda

A watan Maris na 2025, kundin Refondation ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Da yawa daga cikinmu sun yi murna, kuma murnar na da dalili. Amma mu tambayi kanmu: me ya canza a gareji? In maigida na son ya shaidi yaronsa da Hausa, wane biro zai je a rubuta masa, a fassara, a buga hatimin da za a yarda da shi a waje? Matsayin harshe ba a sanarwa yake ƙarewa ba. Sai ranar da maganar da mutum ya yi da Hausa ta iya zama takardar da ke da ƙarfi a gaban hukuma. Haka ma ga mai Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci, domin ramin nan ɗaya ne gare mu duka.

Saboda haka ga abin da muke nema.

Na farko, ma'aikatar da ke kula da aiki, tare da ANPE da majalisar masu sana'ar hannu ta CMANI, su fito da takardar shaidar aiki guda ɗaya mai harshe biyu, Hausa da Faransanci gefe da gefe, mai gurbin ranaku da awoyi da biya da ayyuka. Maigida ya san abin da yake sa wa hannu, wanda zai karanta a waje shi ma ya gane.

Na biyu, a buɗe hanya mai sauƙi da mutumin da ya koyi sana'a a hannun maigida zai je a gwada shi a aikace, a ba shi takardar gwamnati. A yi gwajin da yaren da yake ji. Walda ake aunawa, ba nahawun Faransanci ba. Kuma a yi shi a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso, kada a ce komai sai Yamai.

Na uku, a horar da masu fassara da aka rantsar, na harsunanmu da Larabci da Ingilishi, a buga sunayensu da farashinsu a fili a kowace jiha. Jami'o'inmu na yaye ɗaliban harsuna suna zaune babu aiki, ga kuma aiki yana jiran su.

Na huɗu, hukuma ta sa ido a kan masu tallar biza. A dokar Kanada, wanda aka yarda ya karɓi kuɗi don ya wakilce ka sai lauyan da ke da rajista a can, ko notaire na Kebek, ko mai ba da shawara da ke cikin rajistar hukumarsu ta masu wannan aiki. Rajistar a buɗe take a intanet. Wanda sunansa ba ya ciki, ku riƙe kuɗinku.

Kafin hukuma ta motsa

Kada mu zauna jira. Kai da ke aiki yau, ko kana da niyyar tafiya ko ba ka da ita, fara tara shaida daga wannan makon. Sayi littafi ka riƙa rubuta ranar aiki da abin da aka yi da abin da aka ba ka, maigida ya sa hannu a ƙarshen wata. In zai yiwu a riƙa biyanka ta banki ko ta Nita ko Amana ko kuɗin waya, domin rasit ya rage. In kamfani kake, tambayi lambarka ta CNSS ka je ka duba ko ana zuba maka kuɗi da gaske. In kai ke da shagonka, yi rajista, samu NIF, ajiye rasit da takardun waɗanda ka yi wa aiki, domin mai aikin kansa ba ya rubuta wa kansa shaida, ta wasu ake nema. Daidaita rubutun sunanka a duk takardunka tun kafin a tambaye ka.

In lokacin wasiƙa ya zo, zauna da maigida. Ya faɗi ayyukanka da bakinsa, da Hausa, a rubuta abin da ya faɗa, a fassara, a karanta masa fassarar kafin ya sa hannu. In wani abu bai cika ba, misali babu takardar albashi, rubuta bayani ka faɗi dalili ka haɗa da shaidar da kake da ita. Sannan ka gaya masa ana iya kira daga waje, ka gaya masa sunan da ke fasfonka, kuma a sa lamba ko adireshin imel na wani a wurin aikin wanda ke jin Faransanci kuma ya san aikinka da gaske. Ba mu ce a koya wa kowa ƙarya ba. Cewa muka yi a shirya mai gaskiya don kada a ruɗe shi.

Ku kuma iyayenmu masu gareji da shaguna, mun san abin da ke ranku. Wani na tsoron takarda za ta jawo masa ƴan haraji, wani na ganin in ya sa hannu yaron da ya raina zai tafi ya bar shi. Amma Baba, yaron nan ya ba ka ƙuruciyarsa. Albarkar da ka sa masa da baki, ka ƙara masa da ta takarda. In ya tafi ya samu, sunanka ne ya tafi da shi. In ya zauna, takardar za ta yi masa amfani a nan.

Ku da kuka yi lakwal kuna karanta wannan a waya, akwai wani a gidanku ko unguwarku da ba zai iya karantawa ba, kuma shi maganar ta fi shafa. Yau da dare a fada, ku karanta masa. Gobe ku raka shi wurin maigidansa da littafi da biro.

Allah ya sa mu dace, ya tsare matasanmu a gida da waje.